Abin da Muke Gudu Idan Muka Ce Sai Gobe

Kusan kowane mutum da na sani yana da wani aiki guda da ya daɗe yana kewaye shi, kuma da wuya aikin nan ya zama mafi girma ko mafi wahala daga cikin abubuwan da ke gabansa. Sau da yawa saƙo ne da ya kamata a ba shi amsa, ko takarda da za a cike a miƙa, ko kiran waya ga wanda ake jin nauyinsa, ko zuwa ganin likita a kan wani ciwo da ya ƙi tafiya, ko shafin farko na rubutun da aka yi alkawarin kammalawa. Mutumin da ke gudun wannan aiki ba a zaune yake ba. Yana iya wuni yana kai da kawo, ya gama ayyuka da dama waɗanda ba wanda ya matsa masa a kansu, ya gyara teburinsa, ya taya wani nasa aikin, sannan dare ya yi ya kwanta a gajiye, aikin nan guda ɗaya yana nan inda ya bar shi. Wannan ne ya sa ban taɓa gamsuwa da bayanin da aka fi bayarwa ba, cewa masu jan ƙafa malalata ne kawai. Malalaci ba ya son motsi, kuma hankalinsa kwance yake da zaman da yake yi. Mai jan ƙafa kuwa yana son ya yi aikin, ya san ya kamata ya yi shi, kuma rashin yin yana cin ransa dare da rana.

Ya kamata tun farko a raba jinkiri gida biyu, domin gaskiya ne da ake cewa wani jinkirin alheri ne. Wanda ya dakata da yanke hukunci har sai ya sami cikakken bayani, ko ya ɗage wani aiki saboda wanda ya fi shi muhimmanci ya taso, ko ya ƙi mayar da martani cikin fushi sai ya huce, wannan hankali ya yi, kuma ba shi nake nufi ba. Wanda nake nufi shi ne irin jinkirin da Piers Steel na Jami'ar Calgary da ke Kanada ya bayyana a shekarar 2007, bayan ya tattara sakamakon ɗimbin binciken da aka yi kafin nasa: mutum ya ɗage abin da ya yi niyyar yi, da son ransa, alhali shi kansa yana sane da cewa ɗagewar za ta ja masa asara. A cikin wannan nazari an kawo ƙiyasin cewa tsakanin kashi 80 zuwa 95 cikin ɗari na ɗaliban jami'a suna yin haka, sannan tsakanin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na manya abin ya zame musu jiki, har yana taɓa aikinsu da lafiyarsu da dukiyarsu. Ina kawo waɗannan alƙaluma ne saboda mai fama da wannan hali yakan ɗauka shi kaɗai ne, kuma wannan zaton yana ƙara masa kunyar da ke hana shi neman mafita.

Don a gane abin da ke faruwa, sai an tsaya an dubi ɗan gajeren lokacin da ake yanke shawarar ɗagewa, wanda sau da yawa bai wuce ƙiftawar ido ba. Mutum ya zauna gaban kwamfuta da niyyar fara rahoton da ake jira. Ya buɗe shafin, ya ga kan maganar da ya rubuta tun tuni da farin fili a ƙarƙashinsa. Nan take sai ya ji wani abu ya tokare masa ƙirji, ƙila fargaba, ƙila gundura, ƙila wata murya a cikin kansa da ke cewa abin da zai rubuta ba zai kai yadda ake zato ba. Kafin ya ankara hannunsa ya riga ya kai ga waya, ya ce a ransa bari ya duba saƙo ɗaya tukuna. Da zarar idonsa ya bar shafin, nauyin ƙirjin ya sauka. Wannan saukar nauyi ita ce zuciyar matsalar, domin lada ce da jiki ya samu nan take, kuma duk abin da ya kawo sauƙi cikin gaggawa jiki yakan koyi maimaita shi. Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, masana halayyar ɗan Adam da suka daɗe suna nazarin wannan batu, sun yi bayaninsa a shekarar 2013 da cewa jan ƙafa hanya ce ta gyara yanayin zuciya na ɗan lokaci, inda mutum ke fifita samun sauƙi yanzu a kan abin da zai amfane shi nan gaba. Wato abin da ake gudu shi ne yadda aikin yake sa a ji, ba aikin kansa ba. Shi ya sa mutum zai sayi sabon littafin tsara lokaci, ya zana jadawali mai kyau, ya raba awoyinsa daki-daki, kuma ya wayi gari bai taɓa aikin ba, domin jadawali ba ya maganin fargaba.

Sauƙin da ake samu na gaske ne, amma bashi ne da ake ci daga gobe, kuma da riba ake biyansa. A shekarar 1997 Dianne Tice da Roy Baumeister sun bi diddigin wasu ɗaliban jami'a a Amurka tsawon zangon karatu. A farkon zangon, masu jan ƙafa sun fi sauran kwanciyar hankali, har ma sun fi su ƙarancin ƙorafin rashin lafiya. Da ƙarshen zangon ya matso sai abin ya juya, suka fi kowa damuwa, suka fi kowa rashin lafiya, sakamakon aikinsu kuma ya fi na sauran rauni. Na ga wannan bincike yana da amfani wajen amsa maganar da ake yawan yi, cewa wai wasu sun fi ƙoƙari idan lokaci ya ƙure musu. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne, sai lokaci ya ƙure suke yin aikin, saboda haka ba su taɓa ganin yadda zai kasance ba da sun ba shi isasshen lokaci, sun kwana a kansa, sun dawo sun gyara.

Akwai kuma wani ɓangare da ba a cika magana a kansa ba, wanda ni a ganina ya fi komai ciwo, wato yadda aikin da aka bari yake sauya kama. Ɗauki saƙon da wani ya aiko yana neman amsa. A ranar farko, amsar ba ta wuce layi biyu ba. Bayan mako guda, ba za a iya aika layi biyun nan haka kawai ba, sai an haɗa da ban haƙuri. Bayan wata guda, ban haƙurin ma yana neman dalili, kuma babu dalilin da za a iya faɗa ba tare da jin kunya ba. Daga nan sai mutum ya fara kauce wa mai saƙon kansa, ya ga sunansa a waya gabansa ya faɗi, ya ga kiransa ya bar shi ya katse, ya hango shi a taro ya sauya hanya. Ƙaramin aiki ya zama ɓaraka tsakanin mutum biyu waɗanda babu abin da ya haɗa su faɗa. Irin wannan kawar da kai yana faruwa har a harkar kuɗi. George Loewenstein da abokan aikinsa sun nuna a shekarar 2009 cewa masu zuba jari sukan rage duba asusunsu idan kasuwa tana faɗuwa, su yawaita dubawa idan tana tashi, alhali rashin dubawar ba ya hana asara. A fannin lafiya kuwa lamarin ya fi tsanani, domin cututtuka da yawa, har da wasu nau'o'in ciwon daji da hawan jini da ciwon sukari, sun fi sauƙin shawo kai idan an gano su da wuri, kuma tsoron jin sakamakon gwaji yana daga cikin abin da ke sa mutane su yi ta ɗage zuwa asibiti har a rasa wannan dama. A nan ne karin maganar nan ta a bari ya huce shi ke kawo rabon wani take yin nauyi, domin abin da ake rasawa ba koyaushe yake dawowa ba.

To me ya sa gobe take yi mana kama da ranar da ta fi dacewa? Saboda idan muka hango kanmu a gobe, mutum muke gani wanda ya yi barci ya ƙoshi, ba shi da gajiya, ba shi da zullumi, kuma babu abin da zai katse shi. Hal Hershfield da abokan aikinsa, ta amfani da na'urar ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa, sun gano a shekarar 2009 cewa idan mutane suna tunanin kansu nan da shekaru goma, ƙwaƙwalwarsu takan yi aiki kusan yadda take yi idan suna tunanin wani mutum dabam. Ke nan ba abin mamaki ba ne mu ɗora wa wancan baƙon kayan da mu muka ƙi ɗauka. Sannan muna raina tsawon lokacin da aikin zai ci. A wani bincike da Roger Buehler da abokansa suka wallafa a 1994, an tambayi ɗalibai a Kanada kwana nawa za su ɗauka kafin su gama kundin digirinsu. Matsakaicin ƙiyasinsu ya kama kusan kwana 34. Da aka ce su ƙaddara komai ya lalace musu, sai suka ce kusan kwana 49. A zahiri sun ɗauki sama da kwana 55, wato abin da ya faru ya zarce har mafi munin zatonsu. Wanda ya ce akwai sauran lokaci, galibi da irin wannan lissafin yake magana.

Idan har abin da ake gudu wani yanayi ne na zuciya, to matakin farko shi ne a tsaya a gane wane iri ne, domin kowanne da maganinsa. Na ga amfanin tambayar kai a fili, ko ma a rubuce: idan na tuna wannan aiki, me nake ji? Amsar takan zo da sauri fiye da yadda ake tsammani. Wani lokaci ruɗani ne, wato mutum bai san ta ina zai fara ba. Abin da ya rubuta a jerin ayyukansa, kamar neman aiki ko gyara harkar kuɗi, ba aiki ba ne da hannu zai iya kamawa, buri ne mai ɗauke da ayyuka ashirin a cikinsa, kuma zuciya ba ta son tunkarar abin da ba shi da baki. Maganin wannan shi ne a yi ta sassaƙa shi har a kai ga abu guda da za a iya yi da hannu cikin 'yan mintoci: nemo lambar wayar, buɗe takardar, rubuta sunayen mutum uku da za a tuntuɓa. Idan har yanzu ana jin nauyin farawa, alama ce cewa matakin bai yi ƙanƙanta yadda ya kamata ba.

Wani lokaci kuma tsoron hukuncin mutane ne, kuma wannan ya fi kama waɗanda suka fi damuwa da ingancin aikinsu. Muddin ba a fara ba, aikin yana nan cikakke a cikin kai, babu aibi a jikinsa, kuma babu wanda zai ce an gaza. Da an fara, sai a ga tazarar da ke tsakanin abin da ake buri da abin da hannu ya iya. Ga irin wannan mutum, shawarar da na fi yarda da ita ita ce ya yi wa kansa izinin yin zubin farko mara kyau da gangan, wanda ba wanda zai gani, domin ana iya gyara rubutu mai rauni amma ba a iya gyara farar takarda. Idan gundura ce kawai, sai a sa wa aikin iyaka. Dabarar da Francesco Cirillo, wani ɗan Italiya, ya ɓullo da ita a ƙarshen shekarun 1980, ta yin aiki na minti 25 a huta na minti 5, ba ta da wani sirri illa cewa zuciya tana iya jure abin da ta san ƙarshensa. Akwai kuma aikin da ake gudu saboda tun asali ba a so a karɓe shi ba, an amsa ne don kunya ko don gudun ɓata wa wani rai. Wannan ba dabarar farawa yake buƙata ba. Ko dai mutum ya yarda cewa ya riga ya ɗauki alkawari ya cika shi, ko ya koma wurin mai aikin tun da sauran lokaci ya faɗa masa gaskiya cewa ba zai iya ba, wanda ya fi mutunci nesa ba kusa ba a kan riƙe aikin mutum ana ta ba shi uzuri.

Bayan an gane abin da ake gudu kuma an ƙanƙanta matakin farko, sai a ba shi lokaci da wuri. Wannan yana kama da ƙaramin abu, amma yana daga cikin abubuwan da bincike ya fi tabbatarwa. Peter Gollwitzer, masani ɗan Jamus, ya nuna bambancin da ke tsakanin niyya ta gaba ɗaya, irin ta zan yi a wannan makon, da niyyar da aka ɗaure ta da wani yanayi takamaimai, irin ta idan na zauna a teburina gobe da ƙarfe takwas, kafin in buɗe komai, zan kira wane. A wani gwaji da ya wallafa tare da Veronika Brandstätter a 1997, an nemi ɗalibai su rubuta ɗan rahoto a lokacin hutun Kirsimeti su aiko. Cikin waɗanda aka sa su faɗi lokaci da wurin da za su rubuta, kimanin kashi 70 cikin ɗari sun yi a kan kari, yayin da cikin sauran kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka yi. Dalilin a fili yake: wanda bai sa lokaci ba, kowace sa'a sai ya sake yin shawara da kansa ko yanzu ne ko anjima, kuma a irin wannan shawara anjima ce ke yin nasara. Wanda ya sa lokaci ya riga ya gama shawarar tun jiya, abin da ya rage masa tashi ne kawai.

Abin da ya fi wuyar karɓa, kuma nake ganin ya fi kowanne muhimmanci, shi ne cewa ba za a jira sai an ji sha'awar yin aikin ba. Yawancinmu mun ɗauka cewa sai zuciya ta shirya sannan hannu ya motsa, alhali a irin waɗannan ayyuka hannu ne ke fara motsi, zuciya ta biyo baya. Pychyl ya taɓa bin ɗalibai da 'yar na'urar da ke yi musu ƙara sau da yawa a rana don su rubuta abin da suke yi da yadda suke ji, kuma ya lura cewa aikin da suke ta gudu, da zarar sun shiga cikinsa, sukan same shi bai kai wahalar da suka zata ba. Duk wanda ya taɓa yin kiran da ya daɗe yana zullumi, ya ajiye waya yana mamakin yadda maganar ta ƙare cikin ɗan lokaci, ya san wannan da kansa. Fargabar ta fi ƙarfi a bakin ƙofa. Ba ina cewa tana gushewa gaba ɗaya ba ne, domin akwai ayyukan da suke da ɗaci daga farko har ƙarshe, amma mutum yana iya ɗauke da rashin jin daɗi kuma yana aiki, kamar yadda yake yi a wasu fannoni na rayuwarsa ba tare da ya lura ba. Yana kuma taimakawa ƙwarai a nisanta hanyar gudu a wannan ɗan lokaci. Steel ya gano cewa saurin biye wa abin da ya ɗauki hankali yana daga cikin halayen da suka fi alaƙa da jan ƙafa, saboda haka wayar da ke wani ɗaki ta fi wadda ke kife a kan tebur, kuma wannan tsari ne na mai hankali wanda ya san inda rauninsa yake.

Sai kuma batun yadda mutum ke yi wa kansa magana bayan ya sake ɗagewa. Da yawa suna ganin cewa idan suka tsananta wa kansu, suka kira kansu marasa amfani, hakan zai zaburar da su. Abin da aka gani ya saɓa wa haka. A shekarar 2010 Michael Wohl da Pychyl da Shannon Bennett sun yi nazarin ɗaliban shekarar farko a Jami'ar Carleton da ke Kanada, suka tarar cewa waɗanda suka yafe wa kansu jan ƙafar da suka yi kafin jarrabawar farko sun rage yin haka kafin ta biyu. Idan aka tuna cewa gudun ɓacin rai ne tushen matsalar, sai a ga dalili: zargin kai yana ƙara wa aikin wani sabon ɗaci a kan wanda yake da shi, ya mayar da shi abin da tunawa da shi ma azaba ce, sai a ƙara nisantarsa. Yafe wa kai a nan ba yana nufin a ce ba a yi laifi ba. Yana nufin a amince an yi, a ga wanda abin ya shafa, a gyara abin da zai gyaru, a daina maimaita shari'ar a cikin zuciya.

Dole kuma in faɗi cewa ba kowane jan ƙafa ne waɗannan dabaru ke warkarwa ba. Idan mutum ya ga har abubuwan da yake so a da sun daina ba shi sha'awa, barcinsa da cin abincinsa sun sauya, wanka da tashi daga gado ma sun zama aiki, kuma hakan ya ɗauki makonni, to yana iya zama ciwon damuwa ne, wanda ke buƙatar likita ba jadawali ba. Haka nan wanda tun yana yaro yake fama da kasa tsayar da hankali wuri ɗaya da yawan mantuwa, akwai yanayin ƙwaƙwalwa da likitoci suka sani wanda ke kawo haka, kuma ana samun taimako a kansa. Wani kuma gajiya ce zalla, an ɗora masa fiye da abin da mutum ɗaya zai iya, kuma abin da yake buƙata shi ne a rage masa kaya.

Game da saƙon da ya daɗe ba a amsa ba, wanda na san da yawa daga masu karanta wannan suna da irinsa, abin da ke tsayar da mutane shi ne neman dogon bayanin da zai wanke su. Ba a buƙatarsa. Jimla ɗaya ta ban haƙuri ta isa, a ce an yi jinkiri kuma ba a kyauta ba, ba tare da ƙirƙiro uzuri ba, sannan a shiga amsar abin da aka tambaya kai tsaye. Idan abin da aka nema ya riga ya wuce lokacinsa, a faɗi haka, a tambaya ko akwai abin da za a iya yi yanzu. Mai jiran amsa galibi amsar yake so, kuma a tsawon shirun nan wataƙila ya yi ta tunanin ko shi ne ya yi wani laifi.